Lambun Unguwa Wanda Gurgu da Makaho Za Su Shiga da Kansu

Kusan kowace unguwa a garuruwanmu tana da wani kango da ya zama juji: fulotin da mai shi ya saya ya bari, ko bayan makarantar firamare, ko wani kusurwa na harabar masallaci inda leda da ƙaiƙayi suka yi sansani. Irin wannan fili yana iya ciyar da gidaje da dama da ganyen miya idan aka mai da shi lambu. Sai dai lambun jama'a yakan mutu ta hanya biyu. Ko dai a gina shi yadda mai ƙafa biyu da ido biyu kaɗai zai iya aiki a ciki, ko kuma a yi gayya ɗaya mai armashi, a ɗauki hoto, kowa ya watse, zafin Afrilu ya ƙone abin da aka shuka. Wannan jagora ta shafi yadda za a kauce wa duka biyun, kuma maganinsu ɗaya ne: kowane mutum ya samu fangalin da hannunsa yake kaiwa, da ranar da aka san tasa ce.

Fara da mutane kafin fili

Kuskuren da masu kyakkyawar niyya suka fi yi shi ne su gama gini sannan su gayyato nakasassu ranar buɗewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda yake tuƙa keken guragu ya fi kowane magini sanin faɗin da keken yake buƙata kafin ya juya, kuma makaho ya fi ka sanin abin da yake sa shi tuntuɓe.

A ƙasar Hausa ba a wahala wajen samun waɗannan mutane a tsare, domin tun da can garuruwa suna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kuma a yau akwai ƙungiyoyinsu na zamani. Je ka gaida shugaban, ka faɗa masa abin da kuke nufi, ka roƙi ya ba ku mutum biyu ko uku mazauna unguwar da za su zauna a taron farko. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan-inna ta asali daga Najeriya a 2020, amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan a kowace unguwa, da yawansu matasa ne masu ƙarfin damtse. Kada a manta da tsofaffin da gwiwa ta hana su tsugunno, da masu juna biyu, da kurame, da wanda shanyewar ɓarin jiki ta bar shi da hannu ɗaya.

A taron farko tambayoyi uku sun isa. Wa yake son ya noma, kuma me yake son ya shuka? Me zai hana shi zuwa ko aiki? Awa nawa zai iya bayarwa a mako? A rubuta amsoshin da sunaye. Mutum goma sha biyu da suka yi alkawarin awa biyu a mako sun fi ɗari da suka ce "muna tare da ku".

Fili da takarda

Bayan mutane sai mai unguwa. "Ranka ya daɗe, filin nan na bayan makaranta muke so mu share mu yi lambu, amma ba za mu sa fartanya ba sai da saninka." Shi ya san mai filin, ya san ko akwai rigimar gado a kansa, kuma shi zai kai maganar gaban dagaci ko hakimi idan ta kama.

A Najeriya dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, filayen karkara kuma ƙaramar hukuma ce take ba da izinin amfani da su. Saboda haka filin gwamnati ko na makaranta yana buƙatar izini a rubuce daga hukumar da take riƙe da shi. Idan na mutum ne ya ba da aro, a rubuta yarjejeniya ta shekara 3 zuwa 5, da shaidu, a kuma sa sharaɗin cewa idan zai karɓi abinsa zai ba da sanarwa kafin a shiga sabuwar shuka. Mai arziki yakan ce "ku yi ta amfani da shi", har ga Allah kuma da zuciya ɗaya, amma magadansa ba su ji wannan magana ba. Wanda ya yi niyyar wakafi, a taimaka masa ya rubuta shi a gaban malamai da iyalinsa.

Kafin a karɓi fili a duba abu huɗu. Yana samun rana aƙalla awa 6 a yini? Ruwa yana kwanciya a cikinsa da damina? Me aka taɓa zubarwa a wurin? Ta ina ake shigowa? Filin da aka yi garejin mota a kansa, ko aka riƙa fasa tsofaffin batura, ƙasarsa tana iya ɗauke da dalma da baƙin mai. A irin wannan wuri ba a shuka a ƙasa kai tsaye, sai a cikin fangalin da aka ɗaga aka cika da ƙasar da aka kawo daga wani wuri. Batun shigowa kuwa, fili mai kyau da yake bayan kwata mai faɗi wadda sai an tsallaka, ko a ƙarshen lungu mai yashi, ya riga ya kori rabin mutanen da aka yi shi dominsu.

Lissafin ruwa

Ruwa ne yake yanke girman lambu, don haka a yi lissafinsa kafin a auna fangali ko ɗaya. Da rani kowace murabba'in mita ta kayan lambu tana shan lita 5 zuwa 8 a rana, gwargwadon zafi da iska. Ɗauki fuloti mai ƙafa 50 da 100, wato kusan murabba'in mita 465. Idan aka cire hanyoyi da rumfa da wurin taki, abin da za a shuka ba zai wuce murabba'in mita 200 ba. A kan lita 6, wannan lita 1,200 ke nan kullum, jarka 48 mai lita 25, kimanin kurar mai ruwa huɗu. Da bazara yakan kai lita 1,600. Idan ruwan da kuke da tabbacinsa rabin haka ne, ku shuka rabin filin, ku bar sauran.

Rijiya da murfi da famfon hannu ta fi injin fetur aminci ga ƙungiyar da ba ta da asusu mai ƙarfi. Idan an samu burtsatse mai sola, a ɗora tanki a bisa, a ja bututu zuwa famfo biyu ko uku a cikin lambun, kada kowa ya yi tafiyar da ta wuce mita 10 da ruwa a hannu. Kan famfon ya zama irin wanda ake turawa gefe da tafin hannu, domin mai dungu ba ya iya murɗa irin na zagaye. Rijiya kuwa dole a rufe ta a kulle, ko don yara da makafi.

A guji ruwan kwata da na rafin da masana'antu suke zubar da dattinsu. Kogin Jakara a Kano sanannen misali ne: ruwan gidaje da na majemun Bompai suna gangarawa cikinsa. Latas da lansir ɗanyu ake cin su, abin da ya shiga ganyen kuwa cikin yaranku zai shiga.

Akwai dabaru biyu masu rage wahalar ban ruwa. Ta farko, a rataye bokiti mai lita 20 a tsayin mita 1, a haɗa masa siririn bututu mai ƙananan huda da zai bi layin shuka yana ɗiga. A kan irin wannan ban ruwa na ɗigo cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta gina tsarin lambunan da ta yaɗa a Nijar. Ta biyu ta fi sauƙi: a binne tukunyar ƙasa har wuya a tsakiyar fangali, a cika ta da ruwa, a rufe bakin. Ruwan yana tsatsafowa a hankali zuwa saiwa, kuma makaho yana iya sa hannu ya ji ko ta yi ƙasa ba sai ya tambayi kowa ba.

Hanya kafin fangali

Manomi yana ƙyashin ƙasar da aka bar wa hanya, amma a nan hanya ake fara shatawa. Babbar hanya daga ƙofa zuwa ƙarshen lambu kada ta gaza mita 1.5, ƙananan hanyoyin tsakanin fangula mita 1.2. Kujerar asibiti mai taya tana juyawa a cikin mita 1.5, amma keken guragu mai taya uku da aka fi hawa a garuruwanmu ya fi ta tsawo, saboda haka a bar masa dandali na aƙalla mita 2 a ƙarshen kowace hanya, a kuma sa mai keken ya gwada tun ana ɗaure igiya.

Yashi shi ne abokin gabar taya da sanda. A zuba marmara, a yayyafa ruwa, a daɓe ta yi tauri kamar yadda iyayenmu mata suke daɓen tsakar gida. In akwai tsohuwar da ta iya daɓe da makuba, a ba ta jagorancin wannan aiki. A ɗan tudunta tsakiyar hanyar don ruwa ya gangara gefe. A ƙofa kada a yi dakali ko mataki. Inda dole a hau tudu, ƙa'idar da za a gaya wa magini ita ce duk tashin inci 1 a ba shi tsawon ƙafa 1. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta irin wannan gyara a gine-ginen jama'a, kuma abin kunya ne lambun da aka kafa da sunan kowa ya kasa yin abin da ake nema ga banki.

Fangali iri uku

Tsayi ɗaya ba ya yi wa kowa. Mai kujerar taya da tsohon da zai zauna a kan benci suna buƙatar fangali mai tsayin santimita 60 zuwa 75, wato bulo mai inci tara sahu uku. Wanda yake tafiya da hannu ko a kan katako mai ƙananan tayoyi, wannan tsayi katanga ne a gare shi, nasa bulo sahu ɗaya ne. Mai cikakken ƙarfi kuwa fangalin ƙasa irin na fadama ya ishe shi. Faɗi shi ne abin da ake yawan ɓatawa. Mutum a zaune ba ya miƙa hannu fiye da santimita 60, don haka fangalin da ake zagayawa kada ya wuce mita 1.2, wanda ya jingina da bango kuma santimita 60.

Idan ba kuɗin bulo, tubali yana yi muddin aka yaɓe shi kafin damina. Tsohon buhun shinkafa ma fangali ne: a tsayar da shi, a jera tsakuwa a tsakiyarsa daga ƙasa zuwa sama don ruwa ya bi, a cika gefen da ƙasa da taki, a tsaga jikinsa a dasa alayyafo ko latas, a sa tumatir ko attaruhu a sama. Fangali mai zurfi ba sai an cika shi duka da ƙasa mai kyau ba. A zuba ɓaraguzai da kara a ƙasa, santimita 30 na sama kuma a haɗa ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. A bar 'yan kafofi a sahun ƙasa don ruwa ya fita.

Don makafi, a ja igiya mai kauri a gefen babbar hanya a tsayin ƙugu, a ƙulla ta a daidai kowane fangali: ƙulli ɗaya, ƙulli biyu, ƙulli uku. A shuka ɗaɗɗoya a wata mahaɗa, na'a-na'a a wata, hanci ya gaya wa mutum inda yake. Shuka a layi, da siririyar igiya a kan layin, tana ba shi damar gane cewa duk abin da ya tsiro a wajen igiya ciyawa ce. Babbar doka kuwa ta masu ido ce: ba a barin baro ko bokiti ko bututu a kan hanya, kuma kowane kayan aiki yana da ƙusar da ake rataye shi. Kurame kuwa suna da maganar hannu, a tabbatar akwai mai fassara musu a taro, kuma duk sanarwa a rubuta ta a allo.

Waɗanda suka yi fama da kuturta suna buƙatar kulawa ta daban. Wanda ya sha magani ba ya yaɗa cutar, wannan a faɗe shi a fili tun taron farko don a kashe tsegumi. Amma sau da yawa hannu da ƙafa ba sa jin zafi, ƙaya takan shiga mutum bai sani ba. A naɗe ƙotar fartanya da robar tsohon tiyub ta yi kauri da laushi, a sa mata madauri da zai riƙe ta a wuyan hannu, a tanadi takalmi, a kuma saba duba hannu bayan aiki.

Abu na ƙarshe a gini shi ne rumfa mai inuwa da randa da tabarma, da bayan gida mai faɗin ƙofa da abin dafawa. Rashin bayan gida shi kaɗai yana hana mata da tsofaffi zama fiye da rabin awa. Sai shinge, wanda ba a ɗaga masa ƙafa, domin akuya ɗaya tana share aikin wata biyu kafin a idar da azahar. A fara da darni ko waya, a dasa lalle ko zogale a jikinsa ya zama shinge mai rai.

Abin shuka da lokacinsa

A shekarar farko a nemi abin da yake saurin faranta rai. Alayyafo ana fara yanka shi cikin mako 4 zuwa 5. Kuɓewa tana fara 'ya'ya wajen wata biyu. Yakuwa da rama da lalo ba su da fitina. Zogale a riƙa sare kansa a tsayin mita 1 don ya yi rassa inda mai zaune zai kai, kamar yadda masu lambunan zogale na yankin Maraɗi suke hana shi miƙewa sama.

A share fili a yi gini da kaka, a yi renon irin tumatir da albasa da kabeji a Oktoba. Tumatir ana dasa shi bayan mako 3 zuwa 4, albasa bayan mako 6 zuwa 8. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu sanyin hunturu yana yi wa latas da karas da kabeji daɗi. Daga Maris zuwa Mayu a ja da baya, a rage fangulan da ake shayarwa, a lulluɓe ƙasa da busasshiyar ciyawa. Da damina a koma kan kuɓewa da yakuwa da kabewa. Ba a maimaita tumatir da attaruhu da yalo a fangali ɗaya a jere, domin dangi ne kuma cutarsu ɗaya.

Taki a yi shi a gida: sahun ganye da ɓawon kayan miya, sahun kashin awaki ko na kaji, ɗan toka, a jiƙa, a juya duk mako biyu, ya nuna cikin wata 2 zuwa 3. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka. Don ƙwari, a daka 'ya'yan darbejiya kimanin rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. A lambun da yara suke shiga kuma makafi suke aiki da taɓawa, maganin feshi mai guba ba shi da wuri. Manoman tumatir ba su manta da tsutsar da suka sa wa suna sharon ba, wadda ta cinye gonaki a Kano da Kaduna a 2016. Ganyen da aka ga ta yi wa zane a cire shi a binne nan take, a kuma kira malamin gona. A Kano hukumar KNARDA ce take da su, kowace jiha kuma tana da irin tata.

Bayan gayya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa share fili da jan marmara da gini aikin gayya ne: a sa rana, matasan unguwa su fito, mata su dama kunu, a gama kafin rana ta take. Amma gayya ta yini ɗaya ce, ban ruwa kuwa na kullum ne, safe da yamma. A nan lambuna suke mutuwa.

A kafa kwamitin mutum biyar ko bakwai, aƙalla biyu daga cikin nakasassu, da mata a ciki, kuma a ba su muƙamai na gaske. Gurgu yana iya riƙe ma'aji, makaho yana iya shugabanci. A raba fangulan gida biyu: na mutum, wanda yake ɗauke da sunansa kuma amfaninsa nasa ne, da na gandu, wanda ake yi tare. Abin da gandu ya bayar a kasa shi uku: kaso ɗaya ga waɗanda suka yi aiki, ɗaya a sayar a zuba a asusu don iri da gyaran famfo, ɗaya ga marayu da marasa lafiyan unguwa. A amince da wannan rabo tun kafin tumatir ya nuna.

Jadawalin ban ruwa a rubuta shi a allo, mutum biyu kowane zuwa, a haɗa wanda zai iya ɗaukar ruwa da wanda ya fi iya cire ciyawa da lura da ƙwari. Mai taimako ya koyi tambaya kafin ya sa hannu: "Baba, in kama maka ne, ko ka fi so ka yi da kanka?" Tura keken mutum ba da izininsa ba, ko karɓe fartanya daga hannunsa don a gama da sauri, korarsa ce cikin ladabi. A ware wa mata ranakunsu, waɗanda ba sa fita kuma a kai musu buhu da iri har gida, su ma 'yan ƙungiya ne. Da azumi a mayar da aiki bayan asuba da dab da magariba. Almajirai da 'yan makaranta idan sun yi aiki a ba su rabonsu.

Wanda fangalinsa ya bushe mako biyu, a fara zuwa gidansa a gaishe shi, wataƙila ciwo ne ko rasuwa. Sai an yi haka sau biyu ba uzuri sannan a ba wa na gaba a layi fangalin. Kuɗi kuwa, ko na ƙullin alayyafo ɗaya ne, a rubuta a littafi, a karanta shi da ƙarfi a taron wata don wanda ba ya gani da wanda bai yi boko ba su ji. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma tsagar ƙungiyoyinmu daga asusu take farawa. Mai son taimakawa a nuna masa abin da ake buƙata, siminti ko tanki ko waya. Kyautar da za ta riƙa cin kuɗi kowane mako, a yi godiya a nemi a musanya ta.

Kafin a kira kowa bikin buɗewa, a yi gwaji ɗaya. Mai keke ya shigo daga titi shi kaɗai, ya kai fangalinsa, ya buɗe famfo, ya shiga bayan gida, ya juya ya fita. Makaho ya bi igiya daga ƙofa ya sami nasa ba wanda ya riƙe masa sanda. Duk inda ɗayansu ya tsaya, a nan aiki ya rage, a ɗaga bikin a gyara. Gwaji na biyu kuwa sai Afrilu, ranar da zafi ya kai inda ya kai: a leƙa da la'asar a ga ko mutum biyun da sunansu yake kan allo suna wurin da bokitinsu.